Nina Simone: Matar da waƙa ta zo wa bisa dole

Idan kana yawan leƙa TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da wata murya mai kauri ba, wadda da farko sai ka rasa ta mace ce ko ta namiji. Takan fara ita kaɗai, ba ganga ba komai, can sai ƙahonni su rufto mata gaba ɗaya. Masu bidiyon kammala karatu suna ɗora ta, masu nuna sabuwar mota ma haka. Sunan waƙar Feeling Good, an ɗauke ta a 1965, mai muryar kuwa Nina Simone ce. Ta rasu tun 2003, lokacin da yawancinmu ko dai muna goye ko ba a ma haife mu ba.

Abin mamakin shi ne, matar nan ba ta taso da burin zama mawaƙiya ba ko kaɗan. Kai, ko sunan ma ba nata ba ne.

Sunanta na yanka Eunice Kathleen Waymon. An haife ta ranar 21 ga Fabrairu 1933 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Tryon, a jihar Karolina ta Arewa da ke kudancin Amurka, ita ce ta shida cikin 'ya'ya takwas. Mahaifiyarta, Mary Kate, mai wa'azi ce a cocin Methodist, kuma tana aikatau a gidajen fararen fata don a samu na tuwo. Mahaifinta, John Divine Waymon, ya taɓa aski da wanki da guga da 'yan gyare-gyare, ga shi kuma rashin lafiya ta sha kwantar da shi. Zamanin wariyar launin fata ne ƙiri-ƙiri, wadda doka ta tsaya mata. Makarantar baƙi daban, kujerarsu a mota daban, har famfon shan ruwa kowa da nasa.

Tana da shekara uku ta fara taɓa fiyano, ba wanda ya koya mata, da kunne kawai take kama sauti. Kafin a ce kwabo ita ke kaɗa wa cocin mahaifiyarta. Matar da uwar ke yi wa aiki ta ji kiɗan yarinyar, ta ɗauki nauyin kuɗin darasinta na shekara guda a wurin wata malama 'yar asalin Ingila, Muriel Mazzanovich. Duk Asabar Eunice ke tsallaka layin dogon da ya raba unguwar baƙi da ta farare ta je gidan malamar. A nan ta haɗu da kiɗan Turawa na dauri, irin wanda ake rubutawa a takarda a kaɗa shi harafi da harafi, musamman na Bach, wani Bajamushe da ya rasu tun 1750. Ta kamu da son kiɗan mutumin nan, kamun da bai sake ta ba har ƙarshen rayuwarta. Da shekarar ta ƙare, malamar ta kafa asusu da sunan yarinyar, mutanen gari baƙi da farare suka riƙa zuba abin da ya sawwaƙa. Manufar kowa ɗaya ce: Eunice ta zama baƙar fata ta farko da za ta yi fice a wannan fage a Amurka.

Ba ta wuce shekara 12 ba aka shirya mata wasa a gaban mutanen gari. Iyayenta sun zauna a sahun gaba, sai aka tashe su aka mai da su baya don wasu farare su zauna. Yarinyar na kallo daga kan kujerar fiyano. Ta ce atafau ba za ta kaɗa komai ba sai an dawo da su wurinsu, aka kuwa dawo da su. Ka riƙe wannan labarin, don duk rigimar da ta yi a gaba, da mai kyau da marar kyau, ƙwayarta na nan.

Ta yi sakandare a makarantar 'yan mata ta Allen da ke Asheville, ta fita a 1950 ita ce ta ɗaya a ajinsu. Da ragowar kuɗin asusun ta je makarantar kiɗa ta Juilliard a New York ta yi ɗan taƙaitaccen shiri, don ainihin inda ta nufa shi ne Curtis, wata makaranta a Filadelfiya da ba a biyan ko sisi idan an ɗauke ka. Danginta sun sakankance har suka tattara komatsansu suka koma Filadelfiya tun kafin sakamako ya fito. Ta yi gwaji a 1951. Ba a ɗauke ta ba.

Har ta koma ga Mahaliccinta tana kan bakanta cewa launin fatarta ne ya jawo. Mutanen makarantar sun musanta, suna kafa hujja da cewa guraben kaɗan ne ƙwarai, kuma sun taɓa yaye ɗalibai baƙaƙe kafin ita, cikinsu har da George Walker a 1945. A ganina, ko wanne ne gaskiya, yarinyar da aka tashi iyayenta daga kujera a gaban idonta ba za ka ga laifinta ba don ta fassara ƙin da aka yi mata haka. Shekararta 18, gari guda ya zuba mata kuɗi, iyaye sun yi ƙaura dominta, ga shi ƙofa ta rufe. Wanda ya taɓa duba jerin sunayen shiga jami'a ya rasa nasa ya ɗan san ɗacin, sai dai nata ya ninka.

Ta koma koyar da yara fiyano, tana biyan wani malamin Curtis ɗin, Vladimir Sokoloff, yana koya mata a waje, da niyyar ta sake gwadawa. Neman kuɗin wannan darasi ne ya kai ta Atlantic City a 1954, inda ta samu aiki a wata mashaya mai suna Midtown, dala 90 a mako. Ta shiga da doguwar rigarta kamar mai zuwa babban ɗakin taro, ta zauna tana kaɗa fiyano tun dare har goshin asuba. Mai wurin ya ce kiɗa ya yi, amma in tana son aikin to gobe ta haɗa da waƙa. Ba ta taɓa koyon rera waƙa a wurin kowa ba. Ta buɗe baki dai don kada abinci ya kuɓuce.

Saura matsalar gida. A wurin mahaifiyarta kiɗan mashaya kiɗan Shaiɗan ne, don haka dole a ɓoye. Ta ɗauko Nina daga wani sunan shagwaɓa da saurayinta ke kiranta da shi, kalmar Sifaniyanci ce mai nufin 'yar yarinya, ta haɗa da Simone daga sunan wata 'yar fim ta Faransa, Simone Signoret. Yau da ita ce, da sai mu ce ta buɗe shafin ɓoye ne don kada 'yan gida su gani.

A wannan mashaya salonta ya ginu, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya. Jaz kiɗa ne da baƙaƙen Amurka suka ƙirƙiro a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin New Orleans. Ginshiƙinsa shi ne makaɗi ya ɗauki karin da kowa ya sani ya riƙa juya shi nan take yadda ransa ya raya masa, ta yadda ba zai kaɗa shi sau biyu iri ɗaya ba. Ita kuwa Nina hannunta ya saba da tsarin Bach, inda hannun dama ke bin karinsa, na hagu na bin nasa daban, suna tsere suna haɗuwa ba tare da sun yi karo ba. Sai ta riƙa zuba wannan tsari a tsakiyar waƙoƙin soyayya na yayi, ta ƙara da zafin kiɗan cocin da ta tashi a ciki. Nemi Love Me or Leave Me ka saurara. Tana cikin waƙa sai ta yi shiru, fiyano ya karɓe, kamar an ɗauke ka daga mashaya an dire ka a Jamus shekara ɗari biyu baya, sannan ta dawo da kai ba tare da ka ji gargada ba. Mawaƙa masu zaƙin murya sun yi yawa a zamaninta, su Ella Fitzgerald da Sarah Vaughan, kuma in zaƙi ake nema sun fi ta. Amma mai yin wannan abu da hannu tana kuma rerawa, ita kaɗai ce. Ita kanta ba ta son a kira ta mawaƙiyar jaz. Tana ganin suna ne da farare ke liƙa wa duk baƙin da ya hau dandali, komai irin kiɗan da ya zo da shi.

A ƙarshen 1957 ta shiga situdiyo ta ɗauki faifanta na farko, Little Girl Blue, wa kamfanin Bethlehem. Ɗaya daga cikin waƙoƙin, I Loves You, Porgy, ta shiga sahun ashirin na farko a Amurka a 1959. To amma ga inda gizo ke saƙa: ta sayar da haƙƙin mallakar faifan gaba ɗaya kan dala 3,000. A tunaninta wannan harka ta wucin gadi ce, kuɗin darasi kawai take tarawa ta koma wa Bach ɗinta, don haka ba ta tsaya bin diddigin takardar ba. An ƙiyasta asarar da wannan sa hannu ya jawo mata ta haura dala miliyan guda. Masu ɗora waƙa a intanet yau, da wani zai zo musu da takarda da 'yan kuɗi a hannu, wannan ɓangaren naku ne.

Aurenta na farko a 1958 bai yi ƙarko ba. A Disamba 1961 ta auri Andrew Stroud, ɗan sandan ciki a New York, wanda ya ajiye aiki ya zama manajanta. Mutumin ya iya kasuwanci, ya cika mata jadawali da wasanni, ya sai musu gida a Mount Vernon. Yana kuma dukanta, duka mai tsanani, tun ma kafin a ɗaura auren. Sun haifi 'ya ɗaya, Lisa, a 1962.

A watan da aka yi auren ne ta fara taka ƙasar Afirka, kuma Najeriya ta sauka. Wata ƙungiyar baƙaƙen Amurka masu raya al'adun Afirka ce ta shirya biki a Legas, shekara ɗaya da 'yan watanni bayan samun 'yanci, lokacin Abubakar Tafawa Ɓalewa na firaminista. Cikin tawagar akwai marubuci Langston Hughes, da makaɗa Randy Weston da Lionel Hampton, da mawaƙiya Odetta, da makaɗin ganga ɗan Najeriya mazaunin Amurka, Babatunde Olatunji. Ga wadda ta tashi inda ake tashin iyayenta daga kujera, ganin ƙasar da baƙi ne ke riƙe da komai ba ƙaramin abu ba ne. Ta sha ambaton wannan tafiya a matsayin komawa gida.

Duk da haka, har zuwa lokacin siyasa ba ta shiga waƙarta sosai ba. Ƙawarta Lorraine Hansberry, marubuciyar wasan kwaikwayo, ita ke zaunar da ita tana nuna mata cewa baƙar mace mai suna ba ta da damar zama 'yar kallo. Sai 1963 ta zo. A watan Yuni aka harbe ɗan gwagwarmaya Medgar Evers a ƙofar gidansa a Mississippi. Ranar 15 ga Satumba 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan suka dasa bam a wani cocin baƙi a Birmingham ta jihar Alabama, ya kashe 'yan mata huɗu, babbarsu shekara 14. Da labari ya iso mata, kayan aiki ta tattaro tana ƙoƙarin harhaɗa bindiga ta fita ta kashe wani. Mijin ne ya tuna mata cewa ba ta san komai a kan kisa ba, kiɗa ta sani. Ta zauna a gaban fiyano, ba a yi awa guda ba ta gama Mississippi Goddam.

Tun daga sunan akwai tsinuwa. Amma dabarar na cikin karin: ta ɗora shi kan kiɗa mai sauri mai raha, irin na wasan dandali. A faifan da aka ɗauka a Carnegie Hall a Maris 1964, inda yawancin masu kallo farare ne, za ka ji suna dariya a farko, sun zaci nishaɗi ne. Da ta yi nisa, ta fara caccakar masu cewa baƙi su bi a hankali, sai dariyar ta ɗauke. Gidajen rediyo a jihohin kudu suka hana sa ta, wasu suka kakkarya faifan gida biyu suka mai da wa kamfani. Kuma ka lura da wurin. Carnegie Hall ne fa, ɗakin da ta yi mafarkin shiga tun tana yarinya don ta kaɗa Bach. Ta shiga ɗin, amma da wani kaya daban.

Daga nan ba ta waiwaya ba. A Maris 1965 ta yi wasa ga masu tattakin Selma zuwa Montgomery, a kan dandalin da aka haɗa da akwatunan gawa. Ba ta ɓoye wa Martin Luther King cewa ita ba ta yarda da tsarinsa na a mare ka ka ƙi ramawa ba, ra'ayinta ya fi karkata ga na Malcolm X, wanda iyalinsa suka zama maƙwabtanta. A 1966 ta fitar da Four Women, labarin baƙaƙen mata huɗu masu launin fata daban-daban, daga baƙa wuluk zuwa wadda farar fata ya haifa ta hanyar fyaɗe, kowacce da irin tabon da bauta ta bar mata. Wasu gidajen rediyo, har da na baƙi, sun ƙi sa ta don sun ɗauka cin fuska ce. Ni kuwa ina ganin ita ce mafi nauyin abin da ta rubuta, kuma duk wadda aka taɓa yi wa gori kan duhun fatarta za ta gane ta ko ba ta jin Turanci sosai. Da aka kashe King ranar 4 ga Afrilu 1968, kwana uku kacal bayan haka ta hau dandali ta rera masa waƙar makoki da makaɗin bas ɗinta Gene Taylor ya rubuta. A 1969 kuma ita da Weldon Irvine suka yi To Be Young, Gifted and Black don tunawa da Lorraine, wadda kansa ta kashe a 1965 tana da shekara 34. Yara baƙaƙe ta yi wa ita, don su ji suna da daraja, ta kuwa zama kamar taken gwagwarmayar.

Wannan tsayuwa ta ci mata kuɗi. Ta yi imanin kamfanoni sun juya mata baya saboda waƙoƙin. Shugabannin da ta sani an kashe wasu, wasu sun watse. A 1970 ta cire zoben aure ta tafi Barbados, ga hukumar haraji ta Amurka na bin ta bashi. A 1974 ƙawarta Miriam Makeba, mawaƙiyar Afirka ta Kudu, ta ja ta zuwa Laberiya, ta zauna a Monrobiya kimanin shekara biyu, kusan ba ta taɓa fiyano. Ta ce ba ta taɓa jin daɗi irin na wannan zama ba.

Sai dai 'yarta ba haka take tuna lokacin ba. Lisa ta bayyana a fim ɗin tarihin da Netflix ta fitar a 2015 cewa a Laberiya uwar ta riƙa jibgarta, har ta kai ta tunanin kashe kanta, daga baya ta gudu wurin ubanta a New York. Masoya Nina ba sa son wannan babi, amma ba yadda za a yi a tsallake shi. Wadda aka doka ta koma tana duka.

Shekarun da suka biyo baya yawo ne: Suwizalan, Landan, Faris, Holan. A Faris ta kai tana wasa a wani ɗan ƙaramin kulob kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Takan makara, takan zagi masu kallo, wani lokaci ta tashi ana tsakiyar wasa. Mutane suka ce girman kai ne, wasu suka ce jaraba ce kawai. Sai a ƙarshen shekarun 1980, da wasu abokai suka tsaya mata, likitoci suka gano tana da lalurar ƙwaƙwalwa mai jefa mutum tsakanin matsanancin kuzari da fushi da kuma matsananciyar damuwa. Aka ɗora ta a kan magani. Ya lafa mata, ko da yake ya taɓa mata magana da saurin yatsu. Shekara nawa ta yi tana fama ana kiran abin hali? Ko da maganin ma ba a rabu da Bukar ba: a 1995 a kudancin Faransa ta harbi wani yaron maƙwabta da bindigar iska ta ji masa rauni saboda hayaniya ta dame ta, kotu ta yanke mata ɗaurin wata takwas na jeka-ka-gyara-halinka.

Farfaɗowarta ta zo ta inda ba a zata ba. A 1987 kamfanin turare na Chanel ya sa wata tsohuwar waƙarta, My Baby Just Cares for Me, a talla. Waƙar ta haura zuwa ta biyar a Birtaniya, shekara talatin bayan ɗaukarta. Daga wane faifai take? Wancan dai na dala 3,000. Kaso mafi tsoka ya tafi aljihun wasu, amma aƙalla manyan ɗakunan wasa sun sake buɗe mata, ta fitar da littafin tarihinta, ta yi faifanta na ƙarshe a 1993.

Ta rasu ranar 21 ga Afrilu 2003 a gidanta da ke Carry-le-Rouet, kusa da Marseille, bayan fama da kansar mama, tana da shekara 70. Kwana biyu kafin rasuwarta makarantar Curtis ta ba ta shaidar girmamawa, shekara 52 bayan ta ƙi ta. Miriam Makeba ta halarci jana'izar. An ƙona gawarta, aka watsa tokar a ƙasashen Afirka daban-daban.

Ba ta taɓa cin kyautar Grammy ba tana raye, sai a 2017 aka ba ta ta girmamawa. Amma masu rap ba su jira wani kwamiti ba. Kanye West ya yanko muryarta ya gina Blood on the Leaves a 2013, Jay-Z ya ɗauko Four Women ya ɗora The Story of O.J. a 2017, a kan maganar launin fata da mallakar dukiya, wato dai abubuwa biyun da suka fi ci mata tuwo a ƙwarya. A 2016 da aka yi fim ɗin rayuwarta aka ɗauko Zoe Saldana, mai hasken fata, aka shafa mata baƙi aka ƙara mata hancin roba, mutane suka yi ca, har jarumar ta fito ta ba da haƙuri a 2020. Ɗan gidan katakon da aka haife ta a Tryon ma ya kusa salwanta, sai wasu baƙaƙen masu zane su huɗu suka haɗa dala 95,000 suka saye shi a 2017 don a adana.

Idan kana da data, ka wuce daƙiƙa talatin ɗin TikTok, ka nemi wasanta na bikin Montreux na 1976 a YouTube, jim kaɗan bayan ta baro Laberiya. Ta fito ta tsaya ƙiƙam tana kallon jama'a, ba murmushi, har tafi ya mutu wurin ya yi tsit. Can tana tsakiyar wata waƙa mai sanyi ta hango wata mata ta miƙe. Ta tsai da kiɗa, ta nuna ta da yatsa, ta umarce ta da ta zauna. Da matar ta zauna, sai ta mai da hannu kan fiyano ta ci gaba da waƙarta.